Maureen O'Hara, jarumar finafinan takobi da teku: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara bin tsofaffin finafinan Hollywood na shekarun 1940 da 1950, musamman na 'yan fashin teku da na sarakunan hamada, ba zai yi nisa ba zai ci karo da wata mace mai jan gashi riƙe da takobi. Ita ce Maureen O'Hara. Ga tambayoyin da aka fi yi game da rayuwarta da kuma yadda ake haɗa irin waɗannan finafinai a zamaninta.

Wace ce ita, kuma daga ina ta fito?

Sunanta na yanka Maureen FitzSimons. An haife ta ranar 17 ga Agusta 1920 a unguwar Ranelagh da ke birnin Dublin, ƙasar Ayalan, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya shida. Mahaifinta ɗan kasuwar tufafi ne, kuma yana da hannun jari a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Shamrock Rovers. Mahaifiyarta mawaƙiya ce. Tun tana shekara goma take koyon wasan kwaikwayo, da ta kai sha huɗu aka karɓe ta a makarantar gidan wasa na Abbey, wanda shi ne babban dandalin wasan kwaikwayo na ƙasar. Wannan horon na daɓe shi ya ba ta murya mai kaiwa ƙarshen zaure da iya tsayuwa a gaban jama'a. Ƙarfin jiki kuwa daga filin wasa ta samo shi, don ta tashi tana wasannin guje-guje da tsalle-tsalle tare da yara maza.

Yaya aka yi ta shiga fim, kuma me ya sa aka canza mata suna?

An kai ta Landan gwajin kamara tana kimanin shekara 17. Gwajin bai yi kyau ba: an lafta mata kwalliya mai yawa, an sa mata rigar da ba ta dace da yarinya ba. Amma babban ɗan wasan Ingila Charles Laughton ya ga hoton, idanunta suka tsaya masa a rai. Shi da abokin kasuwancinsa Erich Pommer suka ɗauke ta a kamfaninsu na Mayflower bisa kwantiragin shekara bakwai. Su ne suka ce FitzSimons ya yi tsawo a allon ƙofar silima, suka maye shi da O'Hara.

Babban fim ɗinta na farko shi ne Jamaica Inn na 1939, wanda Alfred Hitchcock ya ba da umarni. A shekarar nan Laughton ya tafi da ita Amurka, ta fito a matsayin Esmeralda a The Hunchback of Notre Dame na kamfanin RKO. Ana cikin aikin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, harkar fim ta tsaya a Landan, Laughton ya sayar wa RKO kwantiraginta. Da shekara 19 ta tsinci kanta a hannun kamfanin da ba ita ta zaɓe shi ba.

Mene ne wannan kwantiragin shekara bakwai da ake yawan ambata?

Wanda bai gane shi ba ba zai gane me ya sa jaruma mai horon Abbey ta shafe shekaru tana fitowa gimbiyar da 'yan fashi suka sace ba. Ga yadda yake aiki. Ɗan wasa yana sa hannu na shekara bakwai, amma igiyar a wuyansa kaɗai take. Duk bayan wata shida ko shekara guda kamfani yana da zaɓin ya sabunta ko ya sallame shi, shi kuwa ba shi da ikon tafiya. Albashin mako ake biyansa. Kamfani ne ke zaɓar fim, da rawar da zai taka, da kayan da zai sa, har da labarin rayuwarsa da za a raba wa jaridu.

Idan ya ƙi wani fim, sai a dakatar da shi ba albashi, sannan a ƙara kwanakin dakatarwar a ƙarshen kwantiragin, shekara bakwai ta zama takwas ko tara. Jaruma Olivia de Havilland ce ta kai kamfanin Warner Bros kotu kan wannan, ta yi nasara a 1944, kotun Kalifoniya ta ce shekara bakwai tana nufin bakwai ta kalanda.

Akwai kuma bayar da aro. Kamfani zai ba wani kamfani aron jarumarsa a kan kuɗi mai tsoka, ya biya ta albashinta na kullum, ya soke ragowar a aljihu. Bayan O'Hara ta yi fice a How Green Was My Valley na John Ford a 1941, fim ɗin da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim, kamfanin 20th Century Fox ya sayi wani kaso na kwantiraginta. Ta zama tana da iyayen gida biyu, kowa yana so ya ci ribar jan gashinta.

Me ya sa ake kiranta Sarauniyar Technicolor?

Saboda launin jikinta ya yi daidai da abin da na'urar ta fi iya nunawa: jan gashi, korayen idanu, farar fata. Fim ɗinta na farko mai launi shi ne To the Shores of Tripoli na 1942, daga nan kamfanoni suka gane abin da suke riƙe da shi. Laƙabin ba nata ba ne ita kaɗai, an kira Maria Montez da Rhonda Fleming da Yvonne De Carlo da shi. Ita kanta ba ta ɗauke shi abin alfahari sosai ba, don a ganinta shi ya sa aka riƙa kallonta kamar kayan ado.

To shi Technicolor ɗin yaya yake aiki?

A nan sai mu ɗan zauna, don wahalar da 'yan wasan zamanin suka sha daga nan ta taso.

Kamarar ba ta ɗaukar launi ko kaɗan. Zaren fim uku take ja a lokaci guda, dukkansu baƙi da fari. Bayan idon kamara akwai wani dunƙulen gilashi mai raba haske gida biyu. Kashi ɗaya yana wucewa kai tsaye ta cikin koriyar matata ya sauka kan zare na farko, wanda ke riƙe bayanin kore. Ɗaya kashin ana karkatar da shi gefe ta cikin matata mai tare kore, ya faɗa kan zare biyu da aka manna fuska da fuska: na gaba yana kama shuɗi, na baya yana kama ja.

A ɗakin wanki, daga kowane zare ana yin wani abu kamar hatimi na roba mai tudu da kwari, inda tudun ke shan rini. Na ja yana shan rini shuɗi mai ratsin kore, na kore yana shan ja mai ratsin shunayya, na shuɗi yana shan rawaya. Sai a danna su ɗaya bayan ɗaya a kan zare guda, kamar mai buga atamfa yana ɗora launi kan launi. Dole kowanne ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, za ka ga jan layi ko koren layi a gefen fuskar ɗan wasa.

Matsalar ita ce haske. An raba shi, an tace shi, abin da ke isa ga zare kaɗan ne. Don haka ake kunna manyan fitilun gawayi masu tartsatsin lantarki, birjik a saman dandali, zafin ɗaki yakan haura digiri 38. Fitilun suna fitar da haske mai ƙona ido, 'yan wasa su kwana da jajayen idanu suna zubar da hawaye kamar an watsa musu yashi, irin ciwon da mai walda ke samu idan bai sa tabarau ba. O'Hara ta yi ƙorafin wannan. Ka haɗa da rigar karammiski mai hawa-hawa da ɗamarar da ke matse ciki, sannan a ce ta yi gudu ta hau matakala sau goma.

Kwalliya ma sai da aka sake ta. Tsohuwar mai maiƙo tana ƙyalli, tana kwaso launin labule ko na riga ta ɗora a kumatu. Kamfanin Max Factor ya fito da hodar Pan-Cake marar ƙyalli don magance haka. Farar riga tas ba ta shiga gaban kamara, sai an ɗan tsoma ta a ruwan toka-toka, in ba haka ba ta yi walƙiya ta cinye hoton.

Kamarorin ba su kai arba'in ba a duniya, kuma ba a sayar da su. Haya ake ɗauka, tare da ma'aikacin kamfanin Technicolor da mai ba da shawara kan launi. Shi ya sa za ka ga sunan Natalie Kalmus, shugabar masu ba da wannan shawara, a kusan kowane fim na Technicolor har ƙarshen shekarun 1940. Kamara tana cin kimanin mita 27 na zare a minti ɗaya, a nan kuwa sau uku. Duk kuskuren da ya sa aka maimaita ɗauka kuɗi ne tsababa, don haka jarumar da ke zuwa da haddar layinta, ta tsaya daidai kan alamar da aka yi mata a ƙasa, ta fi zinariya a wurin furodusa. An shaidi O'Hara da wannan.

Waɗanne ne finafinanta na kasada, kuma duka tana faɗa a cikinsu?

A'a, kuma mutane da yawa suna kuskure a nan. A The Black Swan na 1942, tare da Tyrone Power, 'yar tsohon gwamnan Jamaika ce da aka sace. Bakinta ne makaminta, ba ta riƙe takobi. Fim ɗin ya ci Oscar ta ɗaukar hoto mai launi ta hannun Leon Shamroy, kuma har gobe yana cikin mafi kyawun finafinan 'yan fashin teku. A The Spanish Main na 1945, tare da Paul Henreid, ita ce amaryar da aka tare a teku, macen da ke faɗa da takobi a ciki Binnie Barnes ce. A Sinbad the Sailor na 1947, Douglas Fairbanks ƙarami ne ke tsalle-tsalle.

Takobi ya zo hannunta ne a At Sword's Point, wanda aka ɗauka a 1949 amma bai fito ba sai 1952. A ciki ita ce Claire, 'yar Athos, ɗaya daga cikin shahararrun dakarun sarkin Faransa na labarin Alexandre Dumas. Sai Against All Flags na 1952, inda ta fito kyaftin ɗin 'yan fashi a Madagaska mai laƙabin Spitfire, gaba da gaba da Errol Flynn da Anthony Quinn. A tsakani akwai Comanche Territory na 1950, inda ta koyi sarrafa doguwar bulala, da Kangaroo na 1952 da aka ɗauka a Ostareliya.

Idan aka lura, sai da ta yi wajen shekara bakwai a finafinan kasada kafin a yarda a ba ta makami.

Da gaske ita take yin faɗan da kanta?

Mafi yawansa, i. Kafin At Sword's Point ta yi makonni shida tana atisaye a hannun Fred Cavens, ɗan asalin Beljiyam, wanda shi ya tsara da yawa daga manyan faɗan takobi na Hollywood. Abokin wasanta Cornel Wilde kuwa gwanin takobi ne na gaske, har an zaɓe shi cikin tawagar Amurka ta gasar Olamfik ta 1936 kafin ya bari ya kama wasan kwaikwayo. Tsayawa gabansa ba tare da an ga rata ba sai wanda ya yi aiki.

Sai dai kada a ɗauka ba a taɓa sa mata mai maye gurbi ba. Kamfani ba ya barin jarumar da fim ya rataya a wuyanta ta yi kowace irin kasada, don idan ta karye aiki ya tsaya. Hakan ya faru a Against All Flags, amma ga Flynn: ya karya idon sawu, aka dakatar da ɗauka, kamfanin Universal ya yi amfani da jirgin da aka gina ya ɗauki wani fim, Yankee Buccaneer, kafin ya warke.

Yaya ake tsara faɗan takobi a fim?

Faɗan gasa da faɗan fim hanyarsu daban. A gasa motsi ƙanana ne, masu sauri, ido ba ya kama su, kuma cikin daƙiƙa biyu an gama. A fim ana buɗe hannu, a faɗaɗa kowane sara, domin mai kallo ya ga harin tun kafin ya sauka.

Malamin takobi yana rubuta faɗan gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa sara da kariya kaɗan ne, kowace kariya da lambarta. Ana fara bita a hankali kamar masu koyon rawa, ana ƙirgawa da baki, a riƙa ƙara sauri kwana bayan kwana. Ƙa'ida ta farko: mai karewa ne ke fara motsi da ɗan ƙiftawar ido, takobinsa ya riga ya isa wurin kafin saran ya zo. Ta biyu: tazara. Ana tsayawa inda tsinin ba zai kai jiki ba ko da an kuskure kariya, kamara kuma a ajiye ta ta kusurwar da za ta ɓoye ratar. Ta uku: ido cikin ido, kada a bi takobi da kallo.

Takubban dakusassu ne, sau da yawa na ƙarfe marar nauyi. Ƙarar haɗuwarsu da kake ji daga baya ake sa ta. Wani lokaci ana rage gudun kamara daga hoto 24 a daƙiƙa zuwa 22 ko 20, idan aka haska a 24 sai faɗan ya ƙara zafi. In aka zarce haka, motsin ya koma na barkwanci.

Abin da ke ɓaci kusan kullum iri ɗaya ne. Ɗan wasa ya manta gaɓa ya kai sara sama alhali abokinsa ya kare ƙasa. Ruwan takobi ya gaji ya karye, guntun ya tashi. Gumi ya sa ƙota ta suɓuce. Yatsu da bayan hannu su suka fi shan rauni. Ga mace akwai ƙarin haɗari: doguwar riga tana harɗe ƙafa lokacin ja da baya, ɗamara tana hana numfashi, takalmi mai tsini ba ya riƙe daɓen jirgi da aka jiƙa da ruwa. Shi ya sa a finafinai biyun da ta yi faɗa sosai za ka gan ta da wando da dogayen takalma.

Jiragen ruwan fa, a teku ake ɗauka?

Da wuya. Abu uku ake haɗawa. Na farko, sashen jirgi mai girman gaske da ake ginawa a cikin ɗakin ɗauka ko a bakin tafkin kamfani, wani lokaci a kan abin da ke jijjiga shi, da manyan fankoki da tankunan da ake ɓare wa ruwa daga sama. Na biyu, zanen sararin sama a bango, ko hoton teku da ake haskawa daga bayan allo. Na uku, ƙananan jirage na kwaikwayo a cikin tafki, don yaƙin igwa da hangen nesa.

Ƙaramin jirgi yana rawa da sauri a kan ruwa, ido ya gane abin wasa ne. Maganinsa a ɗauke shi da kamara mai gudu. Lissafin da masu aikin ke bi: idan jirgin kashi ɗaya ne cikin 16 na girman gaske, ana ninka gudun sau huɗu, wato hoto 96 a daƙiƙa, idan aka haska a 24 sai ya riƙa tangaɗi da nauyi. Abin da ba ya ƙanƙancewa shi ne ɗigon ruwa da harshen wuta. Duba feshin da ke tashi idan harsashin igwa ya faɗa kusa da jirgi: in ɗigon ya kai girman kan mutum, to a tafki kake.

Me za a ce game da finafinanta na Bagadaza da Larabawa?

Gaskiya dai a faɗe ta. A Bagdad na 1949 ta fito gimbiya Marjan, a Flame of Araby na 1951 gimbiya ce a Tunisiya, a Sinbad the Sailor sunanta Shireen. Mace 'yar Ayalan mai jan gashi a matsayin 'yar sarkin Larabawa, a cikin Bagadazar da aka gina da katako da filasta a Kalifoniya. Mai karatun da ya tashi da hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, ko ya san tarihin daular Abbasiyawa, ba zai ga garin Haruna Rashidu a nan ba. Tufafin gauraye ne na Turkiyya da Indiya da abin da telan kamfani ya ƙago, Larabawan kuwa ko dai azzalumin waziri ko ɗan fashin hamada. Kamfanin Universal ya buɗe wannan kasuwa da Arabian Nights a 1942, ya ga tana kawo kuɗi a lokacin yaƙi, ya yi ta maimaitawa.

Ko rigunan ma ba tarihi ne ya yanke su ba. Ofishin tace finafinai na Joseph Breen, wanda ya fara aiki da ƙarfi a 1934, shi ke duba hotunan kayan kafin a ɗauka, yana auna wuyan riga, yana hana nuna cibiya. Ita kanta O'Hara ba ta ɓoye cewa ba ta ɗauki yawancin waɗannan finafinai da daraja ba. Ana iya kallonsu don launi da sana'ar da ke ciki, amma kada a nemi Gabas ta Tsakiya a can.

Mene ne tsakaninta da John Ford da John Wayne?

Ta yi fim biyar da Ford, biyar da Wayne, uku daga ciki duka su ukun suna tare: Rio Grande na 1950, The Quiet Man na 1952, da The Wings of Eagles na 1957. Wayne amininta ne har ya rasu a 1979. Ford kuwa shi ya ba ta mafi kyawun rawarta, amma mutum ne mai zafin hali da wulaƙanta 'yan wasa, kuma ta bayyana abin da ta sha a hannunsa cikin littafin tarihin rayuwarta na 2004.

The Quiet Man ya yi shekaru yana neman mai zuba kuɗi, manyan kamfanoni suna cewa labarin ƙauyen Ayalan ba zai sayu ba. Herbert Yates na kamfanin Republic ya yarda bisa sharaɗi: a fara yi masa fim ɗin kaboyi da 'yan wasan nan, ribarsa ta rufe asarar da yake hange. Haka aka haifi Rio Grande. An ɗauki The Quiet Man a ƙauyen Cong da kewayensa a 1951. A wurin da take kai wa Wayne mari ya tare da hannu, ƙashi ya tsage a hannunta. Fim ɗin ya ba Ford Oscar ɗinsa ta huɗu ta bayar da umarni, ya ci ta ɗaukar hoto. Ita ko sunanta ba a sa cikin 'yan takara ba, kuma wannan rashin adalci ne, don Mary Kate Danaher, matar da ta fito a matsayinta, ita ce ke riƙe da fim ɗin.

Akwai wurin da mai kallo na yau zai ji ba daɗi: inda miji ke jan matarsa a ƙasa ta cikin saura jama'a na biye suna shewa, da makamancinsa a McLintock! na 1963. An shirya su a matsayin raha, kuma ita ta yi faɗuwar da jikinta. Wannan bai hana a ce abin da ake nunawa ba daidai ba ne.

Wace shari'a ce ta yi da wata mujalla?

A 1957 mujallar tsegumi ta Confidential ta buga cewa an gan ta tana abin kunya da wani mutum a cikin silimar Grauman's Chinese a Los Angeles. Yawancin taurari sukan yi shiru don tsoron abin da za a ƙara tonowa. Ita ta shiga kotu da fasfo ɗinta, tambarin da ke ciki ya nuna tana ƙasar waje wajen ɗaukar fim a lokacin da aka ambata. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su cimma matsaya ba a shari'ar da hukuma ta yi wa mujallar, ƙarar da ita ta shigar da kanta kuma aka sasanta a wajen kotu, amma mujallar ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba.

Irin wannan taurin kai ta nuna a 1946 wajen karɓar takardar zama 'yar Amurka, da ta ƙi sa hannu a takardar da ta kira ta 'yar Birtaniya, sai da aka rubuta Ayalan.

Me ya sa finafinan takobi suka ƙare, ita kuma ina ta nufa?

Abubuwa sun taru. Hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1948 ya raba kamfanonin fim da gidajen silimarsu, talabijin ta janye 'yan kallo, kamfanoni suka sallami 'yan kwantiragi. Zaren Eastmancolor mai launi a zare guda ya shigo a 1950, kowace kamara tana iya ɗauka da shi, zuwa 1955 an ajiye kamarar zare uku. Launi ya daina zama abin da shi kaɗai zai cika silima.

Ta so ta koma waƙa, don tana da murya mai kyau. Ta yi faifai, ta fito a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe ta New York, a wasan waƙa mai suna Christine a 1960, bai yi mako biyu ba aka rufe. The Parent Trap na Disney a 1961 ya dawo da ita, daga nan ta koma fitowa uwa da matar gida.

Da gaske ta shugabanci kamfanin jiragen sama?

Gaskiya ne. Aurenta na farko an warware shi a 1941, na biyu da Will Price ya mutu a 1953 bayan sun haifi 'ya ɗaya. A 1968 ta auri Charles Blair, matuƙin jirgin da ya ratsa ta saman ƙarshen arewacin duniya shi kaɗai a 1951. Bayan Big Jake na 1971 ta janye daga silima, suka zauna a tsibirin St. Croix na yankin Karibiyan suna gudanar da Antilles Air Boats, kamfanin jiragen da ke sauka a kan ruwa. Ranar 2 ga Satumba 1978 injin jirgin da Blair ke tuƙawa ya lalace, ya faɗa teku, ya rasu. Ita ta karɓi ragamar kamfanin, ta zama mace ta farko da ta shugabanci kamfanin jiragen fasinja mai jadawali a Amurka.

Ta dawo silima sau ɗaya a Only the Lonely na 1991, ta yi wasu finafinan talabijin har 2000. An ba ta Oscar ta girmamawa a Nuwamba 2014, tana da shekara 94, ba a taɓa sa ta takara ba ko sau ɗaya. Ta rasu ranar 24 ga Oktoba 2015 a Boise, jihar Idaho, aka binne ta kusa da Blair a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Wanda bai taɓa kallonta ba, da wanne zai fara, kuma me zai kula da shi?

A fara da The Black Swan don ganin Technicolor a ganiyarsa, a bi da Against All Flags ko At Sword's Point don takobi, sannan The Quiet Man don wasan kwaikwayo. Mai son ganinta ba tare da taimakon launi ba ya nemi How Green Was My Valley, ko Dance, Girl, Dance na 1940 wanda mace, Dorothy Arzner, ta ba da umarni.

A kula da siffar hoto. Duk finafinanta kafin 1953 kusan murabba'i ne, faɗi 1.37 ga tsawo 1. A talabijin ko wayar zamani dole a ga baƙin shafi a hagu da dama. Idan hoton ya cika allo, to ko an ja shi fuskoki sun yi faɗi, ko an yanke sama da ƙasa, ƙafafun masu faɗa sun ɓace, alhali rabin gwanintar takobi a ƙafa take.

A kula da launi ma. Kwafin da aka buga da rinin Technicolor ba ya kwaɗewa, amma kwafin Eastmancolor na baya yana komawa ja-ja da shekaru. Tsofaffin zarurrukan uku kuma kowanne yana tsukewa da nasa gwargwado, shi ya sa wasu kwafin ke da inuwar launi a gefen mutane. Masu gyara na yanzu suna ɗaukar kowane zare daban a kwamfuta, su daidaita su hoto bayan hoto. Hanyar gane kwafi mai kyau ita ce a duba gashinta da farin idonta: gashin ya zama ja mai duhu kamar tagulla, farin idon kuma ya fito tas ba koren layi a gefensa.